Sabuwar Waya Ba Ta Kama Sabis: Laifin Wayar Ne Ko Na Kamfanin Sadarwa?

Abu ne mai ɓata rai mutum ya kashe kuɗi masu kauri a kan wayar da ba ta wuce makonni da fitowa ba, ya cire ta daga kwali, ya sa mata layinsa, sannan ya tarar cewa a ɗakin da tsohuwar wayarsa take kira lafiya lau, sabuwar tana katse magana ko ta nuna babu sabis gaba ɗaya. Wannan koke ya sha biyo bayan fitowar manyan wayoyi, kuma masu yin sa sukan rasa wanda za su kama, domin mai ƙera waya yana nuna kamfanin sadarwa, shi kuma yana nuna mai ƙera waya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin da amsoshinsu.

Ta yaya sabuwar waya mai tsada za ta kasa tsohuwa wajen kama sabis?

Tsada ba ta cikin abubuwan da ke kamo sabis. Abubuwa uku ne ke yin wannan aiki: eriyar da ke karɓar saƙon rediyo daga turken sadarwa, da ɗan ƙaramin injin da ake kira modem wanda ke fassara saƙon, da kuma manhajar da ke gaya wa modem ɗin turken da zai kama da lokacin da zai sake shi ya koma wani. A sabuwar waya sau da yawa dukkan ukun sababbi ne, ba su daɗe da haɗuwa da juna ba. Ƙari a kan haka, cikin wayar zamani ya cunkushe: batir ya ƙara girma, kyamarori sun zama uku ko huɗu, kuma dole a sama wa eriyoyin 4G da 5G da Wi-Fi da Bluetooth da GPS wuri a cikin jiki siriri wanda aka zagaye da ƙarfe, alhali ƙarfe yana tare saƙon rediyo. Kamfanoni suna gwada wayoyinsu kafin su sake su, amma gwajin ɗakin bincike da na 'yan ɗaruruwan ma'aikata ba zai kai abin da miliyoyin hannaye za su gano a makon farko a kan ɗaruruwan kamfanonin sadarwa ba.

Tsohuwar wayata tana nuna sanduna huɗu, sabuwar tana nuna biyu a wuri guda. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke yanke hukunci cikin gaggawa. Babu wata ƙa'ida ta bai-ɗaya da ta fayyace ƙarfin siginar da ya cancanci sanda ɗaya ko huɗu. Kowane kamfani shi ke tsara nasa lissafin. Saboda haka wayoyi biyu za su iya karɓar sigina mai ƙarfi ɗaya, wannan ta zana sanduna huɗu, waccan ta zana biyu. Kamfanin Apple da kansa ya amsa a wata wasiƙa ta ranar 2 ga Yulin 2010 cewa lissafin da wayoyinsa ke yi kuskure ne, kuma a lokuta da yawa suna nuna sanduna biyu fiye da abin da ya kamata.

Ma'aunin da za a dogara da shi shi ne wanda ake rubutawa da dBm, kuma lambarsa tana zuwa ne da alamar ragi a gabanta. A kan 4G, lamba kamar -80 sigina ce mai ƙarfi, -100 matsakaiciya ce, -110 ta yi rauni, idan kuwa ta kusa -120 to ana bakin rabuwa da sabis. A wayoyin Android ana samun lambar a cikin saiti, a sashen bayanin waya, ƙarƙashin matsayin SIM. A iPhone kuwa sai a danna *3001#12345#* kamar za a yi kira, shafin gwaji ya buɗe. Abin lura shi ne wannan ma'auni ba ya tafiya ɗaya-bayan-ɗaya kamar awon tsawo. Raguwar desibel 3, wato idan lambar ta sauka daga -95 zuwa -98 misali, tana nufin ƙarfin ya rabu biyu, raguwar desibel 10 kuma tana nufin saura kashi ɗaya cikin goma. Don haka tazarar da ke tsakanin -95 da -105, wadda a ido ba ta da yawa, tazara ce ta ninki goma.

Da gaske ne yadda mutum ya riƙe waya yana rage mata sabis?

Gaskiya ne, kuma ya shafi kowace waya, domin mafi yawan jikin ɗan Adam ruwa ne, ruwa kuwa yana shanye saƙon rediyo. Bambancin kawai shi ne yawan abin da ake asara, kuma babu misalin da ya fi na iPhone 4 fito da wannan fili.

An fara sayar da wayar ranar 24 ga Yunin 2010. Maimakon a ɓoye eriya a ciki, sai aka mayar da ƙarfen da ya zagaye gefen wayar ya zama eriyar kanta, aka raba shi gida-gida da siraran layuka baƙaƙe. Ɗaya daga cikin layukan yana ƙasa ta gefen hagu, daidai inda tudun tafin hannu ke sauka idan mutum ya riƙe wayar da hagu. Da zarar fata ta rufe wannan layi, musamman idan akwai ɗan gumi, sai ta haɗe eriyoyi biyu da aka raba da gangan, saitinsu ya rikice, mutum yana kallo sanduna suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙoƙi. Shafin nazarin na'urori na AnandTech ya auna asarar da ta kai kimanin desibel 24 idan an damƙe wayar sosai, wato ƙarfin ya ragu kusan ninki 250. Wanda ke kusa da turke ba zai ji komai ba, domin yana da rara. Wanda ke gefen gari ko cikin gini kuwa kiransa yankewa yake yi. Wannan ne ya sa wasu suka rantse wayar lafiyarta ƙalau, wasu kuma suka rantse ba ta da amfani, kuma kowane ɓangare abin da ya gani yake faɗa.

Amsar farko da shugaban kamfanin na lokacin, Steve Jobs, ya ba wani mai koke ita ce ya daina riƙe wayar haka, amsar da a ganina ba ta dace ba, domin waya aka yi don hannu, ba hannu don waya ba. Bayan mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ce ba za ta ba da shawarar sayen wayar ba, sai kamfanin ya kira taron manema labarai ranar 16 ga Yuli ya sanar da raba rigar waya kyauta, wadda ke hana fata taɓa ƙarfen. Gyara na haƙiƙa bai zo ba sai da aka sake fasalin eriyar, inda iPhone 4S ta shekarar 2011 ta zo da tsarin da ke sauyawa tsakanin eriya biyu, idan hannu ya rufe ɗaya ta koma ɗayar.

Idan ba eriya ba ce, me kuma zai iya zama sanadi?

Sau da yawa manhaja ce ke da laifi, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin ita ce ake iya gyarawa daga nesa. A watan Disambar 2021 kamfanin Google ya dakatar da wani sabuntawa da ya fara tura wa wayoyin Pixel 6, waɗanda suka yi kimanin watanni biyu da fitowa, bayan masu amfani da su sun koka cewa kira yana yankewa, sannan ya fitar da gyara a watan Janairun 2022. Akwai kuma lahani na ƙira da ke shafar wani rukuni kawai: a Fabrairun 2018 Apple ya buɗe shirin gyara kyauta ga wasu wayoyin iPhone 7 da ke nuna babu sabis ko da akwai shi, saboda wani ɓangare da ya lalace a kan babban allon cikin wayar.

Sai kuma 5G, wadda ta zo da nata rikicin. A wurare da dama an ɗora ta ne a kan turakun 4G, wayar tana riƙe da su biyun a lokaci guda, kuma idan tana bakin iyakar da 5G ke kaiwa sai ta yi ta kai-komo tsakaninsu, intanet yana tsayawa a duk sauyi. Tsohuwar waya da ba ta san 5G ba tana zaune daram a kan 4G, shi ya sa take zama kamar ta fi.

Na sayi wayar ne daga wata ƙasa. Wannan yana da tasiri?

Yana da shi sosai, kuma mutane kaɗan ne ke duba wannan kafin su biya. Kamar yadda tashoshin rediyo ke watsa shiri a zango daban-daban, haka kamfanonin sadarwa ke aiki a zanguna daban-daban, kuma waya mai suna ɗaya takan fito a samfura da yawa, kowanne da zangunan yankin da aka yi shi dominsa. Ƙananan zanguna irin su megahaz 700 da 800 da 900 su ne ke tafiya nesa suna ratsa bango, manya kuwa irin su 2600 da 3500 suna da sauri amma ba sa nisa. Wayar da ba ta da ƙaramin zangon da kamfaninka ke amfani da shi za ta yi aiki da kyau a tsakiyar birni, sannan ta mutu da zarar an shiga cikin gida ko an fita bayan gari, kuma babu sabuntawar da za ta ƙara mata zangon da ba a ƙera ta da shi ba. Lambar samfurin tana jikin kwali da cikin saiti, kuma da ita ake duba jerin zangunan a shafin kamfanin.

Akwai kuma batun kira ta kan 4G, wanda ake kira VoLTE. Idan kamfanin sadarwa bai riga ya amince da sabuwar wayar a tsarinsa ba, sai ta riƙa sauka zuwa 3G ko 2G duk lokacin da za a yi kira, kuma a ƙasashen da aka kashe 3G, kamar Amurka a shekarar 2022, wannan yana iya nufin intanet yana aiki amma kira ba ya shiga.

To ta yaya zan gane inda matsalar take?

Da gwaji na adalci, wanda ba ya buƙatar komai sai waya ta biyu da ɗan haƙuri. A ajiye wayoyin biyu a kan tebur ɗaya, kusa da juna, ba tare da riga ba kuma ba tare da an taɓa su ba, a tabbatar layukan na kamfani ɗaya ne kuma dukkansu suna kan 4G, sannan a rubuta lambar dBm ta kowace bayan minti ɗaya ko biyu, domin lambar tana ɗan motsi. A maimaita a bakin taga, da tsakiyar ɗaki, da waje. Bayan haka a musanya layukan a sake aunawa, don a fitar da tsohon SIM daga zargi. Daga ƙarshe a ɗauki sabuwar wayar a riƙe ta yadda aka saba, ana kallon yadda lambar ke sauyawa.

Idan wayoyin biyu sun yi rauni tare, matsalar ta wurin ce ko ta kamfanin sadarwa. Idan lambar tana da kyau amma intanet yana jan ƙafa, musamman da yamma, to cunkoso ne a kan turke. Idan kuwa sabuwar tana ƙasa da tsohuwar da desibel 8 ko 10 a kowane wuri, ko tana zubewa da zarar an riƙe ta, to wayar ce. Bambancin desibel 2 ko 3 ba abin ɗaga hankali ba ne.

Akwai abin da zan iya yi da kaina?

Akwai kaɗan. A sabunta manhajar wayar da saitin kamfanin sadarwa, a kunna yanayin jirgin sama a kashe don wayar ta sake neman turke, a mayar da saitin sadarwa yadda ya zo, a gwada tsayar da wayar a kan 4G na kwana biyu, a kuma cire rigar da ke da ƙarfe a jikinta. Inda kamfanin sadarwa ya ba da damar kira ta Wi-Fi, wannan yana magance matsalar cikin gida kusan gaba ɗaya. 'Yan takardun sitika da ake mannawa a bayan waya da sunan ƙara sabis kuwa ba sa ƙara komai, asarar kuɗi ce kawai. Yana da kyau a sani cewa raunin sabis yana cin batir yana kuma ɗumama waya, domin tana ƙara ƙarfin watsawarta ne don muryarta ta kai turke, saboda haka waɗannan koke-koke uku sau da yawa tushensu ɗaya.

In jira sabuntawa ko in mayar da wayar?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, domin lokacin mayar da kaya gajere ne, a shagunan Apple misali kwana 14 ne a ƙasashe da dama, alhali sabuntawa tana iya ɗaukar wata guda ko fiye. Idan matsalar ta fara ne bayan wani sabuntawa, ko tana zuwa tana tafiya, ko kamfanin ya fito ya amsa cewa yana aiki a kanta, jira yana da ma'ana. Idan gwaji ya nuna rauni mai ɗorewa a ko'ina, ko faɗuwa saboda riƙo, ko rashin zango, manhaja ba za ta gyara ƙarfe ba. Iyakar abin da za ta iya shi ne ta sauya yadda ake zana sanduna, kamar yadda sabuntawar iOS 4.0.1 ta yi a Yulin 2010. Idan kuma wani mai irin wayarka a kan layi irin naka ba ya fama da komai, to taka ce ke da lahani, kuma gyara ta ko musanya ta ƙarƙashin garanti haƙƙinka ne. A tafi da hotunan allon da ke nuna lambobin dBm na wayoyin biyu, da rana da wurin da aka auna, a kuma nemi a rubuta koken a ba da lambar shaida tun kafin wa'adin ya cika.