Idan guba ta bazu: tambayoyi kan horar da masu kai ɗauki da ma'aikatan asibiti

Me ya sa hatsarin sinadari ke buƙatar horo na daban?

Wanda mota ta buge ba ya cutar da mai ɗaukarsa. Wanda guba ta taɓa kuwa yana tafe da ita a riga, a gashi, a fata. Ranar 20 ga Maris, 1995, 'yan ƙungiyar Aum Shinrikyo suka saki gubar sarin a jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin Tokiyo a Japan. Mutum fiye da goma suka mutu, sama da 5,000 suka nemi magani. Asibitin St. Luke's kaɗai ya karɓi mutum 640 a ranar, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa da aka bincika daga baya sun ce su ma gubar ta taɓa su: ido ya dushe, kai na ciwo. Cikin ma'aikatan motocin agaji, 135 ne suka kamu. Ba su je tashoshin jirgin da mugun nufi ba, ceto suka je yi, amma ba kayan kariya kuma ba a wanke majinyatan ba.

To, me ake fara koya musu?

Tsayawa kafin a afka. Wannan shi ne mafi wuya, domin zuciyar mai agaji gaba take yi. Ana koya masa cewa idan ya ga mutane da yawa sun zube wuri guda ba jini ba rauni, suna tari, yawu na dalala, ƙwayar ido ta tsuke, to ya ja baya, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, a kan tudu in da hali, ya kira taimako. Daga nan a raba wurin gida uku: inda gubar take, wanda sai mai cikakkun kayan kariya da tukunyar iska ke shiga, inda ake wanke mutane, sai wuri mai tsabta inda likita ke jira.

Wankin nan, yaya ake yin sa?

Tuɓe tufafi kawai yana raba mutum da mafi yawan gubar da ke jikinsa. Da almakashi ake yanke rigar, ba a cire ta ta kai, don kada ta shafi ido da baki. A goge fata da abin da ke tsotse ruwa, sannan a kwarara ruwa da sabulu, a ƙulle tufafin cikin leda.

A nan ina ganin ake yawan sakaci. Mace ba za ta tuɓe a bainar jama'a ba ko da gubar na cin ta, dattijo ma haka. Shirin da bai tanadi labule, zannuwan canji da matan da aka horar ba, a takarda kawai zai yi aiki.

Ai 'yan kwana-kwana za su wanke su kafin a kai asibiti?

Ba haka abin ke zuwa ba. A Tokiyo yawancin mutane da ƙafa, da tasi, da motocin masu taimako suka isa asibiti. Shi ya sa horon dole ya haɗa da maigadi, mai yankar kati, mai shara da direba, domin su ke fara cin karo da majinyaci. Maigadin da ya san ya tsayar da mutum a waje ya kira ma'aikacin jinya ya ceci ɗakin gaggawa gaba ɗaya.

Wannan ba matsalar ƙasashen da ake yaƙi ba ce?

A'a. Bala'in Bofal na Indiya a Disambar 1984, wanda ya kashe dubbai, daga masana'antar maganin ƙwari ya fito, likitoci kuma ba su san takamaiman abin da mutane suka shaƙa ba. A Jos, a Yulin 2015, iskar kilorin ta tsiyaye daga matatar ruwa ta Lamingo, mutum takwas suka rasu. Kilorin ta fi iska nauyi, kwari take bi, don haka mai gudu ya nufi tudu. Haka kuma fiya-fiya da wasu magungunan feshin gona dangin sarin ne wajen yadda suke kama jiki, allurar atirofin ce kuma ke maganinsu duka. Ma'aikacin jinyar da ya iya kula da manomin da feshi ya kayar ya riga ya san rabin darasin.

Su wa ke ba da horon, kuma sau nawa ya kamata?

Hukumar hana makamai masu guba ta duniya, OPCW, mai hedikwata a birnin Heg na Holan, tana shirya kwasa-kwasai ga masu agajin gaggawa da asibitoci a ƙarƙashin sashe na 10 na yarjejeniyar hana makamai masu guba da ta fara aiki a 1997. Najeriya da Nijar duk mambobi ne. Sai dai kwas ɗaya ba ya wadatarwa. Rigar kariya na da zafi, safar hannunta kauri gare ta, neman jijiya da ita aiki ne, kuma cire rigar ba tare da shafa wa kai guba ba sai wanda ya maimaita. Atisaye ake so a harabar asibitin kanta, da masu aikin dare a ciki, a duba ko famfon waje na kawo ruwa, a ƙirga atirofin ɗin da ke ɗakin magani, a san wanda ke riƙe da makullin kayan kariya ranar Lahadi.