An Cuce Mu ko Mu Muka Cuci Kanmu? Tambayoyi kan Rafali da Dabarun Koci a Wasan Sili-Ɗaya-Ƙwale

A gidajen kallon ƙwallo na Jos, daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos da Titin Bauchi, busar tashi ba ta raba gardama. Ana kashe janareta sai a koma teburin mai shayi a ɗora daga inda aka tsaya, duk sanyin garin nan. Garin da ya fitar da Mikel Obi da Ahmed Musa da Moses Simon ba ya rasa masana ƙwallo, na gaske da na baki. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ke dawowa duk lokacin da aka fitar da wata ƙasa daga gasa.

Me ya sa hukuncin rafali ya fi ciwo a sili-ɗaya-ƙwale?

Saboda babu gobe. A matakin rukuni in aka zalunce ka yau, kana iya gyara lissafi a wasa na gaba. A nan kuwa fenariti ɗaya ko jan kati ɗaya ya isa ya sa a jira shekara huɗu. Ƙari a kan haka, ƙasashen da suka kai wannan mataki ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kowa na tsoron buɗe gidansa, ƙwallaye sun yi ƙaranci. In wasa zai tashi 1-0, duk abin da rafali ya busa ko ya ƙi busawa sai ya zama shi ne labarin.

Tsakani da Allah, an taɓa cutar Najeriya a irin wannan wasa?

An taɓa, kuma ba zancen son kai ba ne. Wanda ya fi fitowa fili shi ne wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas, ranar 13 ga Fabrairu 2000. Kamaru ta fara cin biyu ta hannun Eto'o da Mboma, Najeriya ta farke, ta biyun ma wata irin ƙwallo ce Okocha ya ɗirka daga nesa. Aka je bugun fenariti. Victor Ikpeba ya buga, ƙwallo ta daki ƙarfen sama, ta sauka bayan layi, ta dawo waje. Rafali Mourad Daami ɗan Tunisiya bai ba da ita ba. Da aka maimaita hoton kowa ya ga ta haye. Rigobert Song ya buga ta ƙarshe, Kamaru ta ɗauki kofi da 4-3. Masu kare rafali sukan ce ai shi kansa Ikpeba ya ɗora hannu a ka kamar wanda ya zubar. To, ɗora hannun ɗan wasa ba ya cikin dokokin ƙwallo. Abin da ba a cika son tunawa ba shi ne kafin nan golan Kamaru ya riga ya tare bugun Kanu.

Na biyu shi ne wasan Faransa a zagayen 'yan 16 na Kofin Duniya na 2014 a Brazil. Blaise Matuidi ya taka idon sawun Ogenyi Onazi, yaron da ya tashi a nan Jos, har sai da aka fitar da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya. Rafali Mark Geiger ɗan Amurka ya tsaya a katin gargaɗi. A ganina wannan jan kati ne ko a filin unguwa. Kafin raunin, Onazi ne ke riƙe da tsakiya tare da Mikel. Yana fita tsakiyar ta sake, Pogba ya ci da ka a minti na 79, Yobo ya ci gida a ƙarshe. Wanda ya ce hukuncin nan ya juya wasa bai yi ƙarya ba.

Ta yaya Osimhen zai ci ƙwallo a wannan raga, a soke, a ba da fenariti a waccan?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi tun daren 7 ga Fabrairu 2024, a wasan dab da na ƙarshe na Kofin Afirka tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu a Buwake ta Kwaddibuwa. Najeriya na gaba da 1-0 daga fenaritin Troost-Ekong, saura kamar minti biyar Osimhen ya ƙara ta biyu, mutane har sun fara ficewa titi da murna. Sai rafali Amin Omar ɗan Masar ya je ya duba allo, ya soke ƙwallon, ya nuna fenariti ga Afirka ta Kudu. Teboho Mokoena ya farke.

Da zafi, amma daidai ne. Tsarin VAR, wato taimaka wa rafali da hoton bidiyo, da aka shigo da shi Kofin Duniya a 2018 ya ba da damar duba abu huɗu: ƙwallon da aka ci, fenariti, jan kati na kai tsaye, da kuma in an ba wani kati a madadin wani. In aka ci ƙwallo, ba shigarta raga kawai ake dubawa ba, ana komawa har inda harin ya faro. Harin namu ya faro ne daga inda Alhassan Yusuf ya kwashe ƙafar Percy Tau a cikin da'irarmu. Ke nan da rafali ya gani tun farko da ya busa, wasa ya tsaya a nan, ƙwallon Osimhen ba ta ma samu ba. Ba wani ƙwace aka yi mana, mayar da wasa aka yi inda ya kamata ya tsaya.

Abin dariyar shi ne a wannan wasan dai VAR ɗin ce ta sa aka kori Grant Kekana na Afirka ta Kudu a ƙarin lokaci saboda kayar da Terem Moffi. Ban ji wanda ya zage ta a wannan karon ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

To in akwai na'ura, me ya hana gardama mutuwa?

Domin hukunci iri biyu ne. Akwai wanda ake aunawa: ƙwallo ta haye layi ko ba ta haye ba, ɗan wasa ya yi satar gida ko bai yi ba. Wannan na'ura ta kusan gama da shi. Ƙwallon Frank Lampard da aka hana Ingila a wasanta da Jamus a 2010, wadda ta sauka bayan layi ƙarara, tana cikin abin da ya tilasta wa FIFA kawo na'urar layin raga a 2014. Da akwai ta a Legas da ba a yi zancen Ikpeba ba.

Sannan akwai wanda sai an yi fahimta: wannan taɓawar ta kai ƙeta? Hannun nan ɗan wasa ne ya kai shi ko ƙwallo ce ta same shi? A nan na'ura hoto kawai take nunawa, mutum ne ke yankewa. Kuma ƙa'idar ita ce masu VAR ba sa kiran rafali sai in kuskuren ya fito fili, ko wani babban abu ya wuce shi bai gani ba. Shi ya sa a wasanmu da Ajantina a 2018, wanda na rukuni ne amma a kansa zamanmu ya rataya, rafali Cüneyt Çakır ya je ya kalli hannun Marcos Rojo ya dawo ya ce a ci gaba, tunda ƙwallon daga kan Rojo ta zame ta taɓa hannun. Haka a wasan Maroko da Faransa na 2022: Theo Hernandez da Sofiane Boufal suka yi karo a cikin da'ira, 'yan Maroko na jiran fenariti, sai ga katin gargaɗi ga Boufal. Hukumar ƙwallon Maroko sai da ta kai ƙara a rubuce. Har yau in ka nuna wa mutum goma hoton nan ba za su haɗu a kan magana ɗaya ba.

Hannun Suarez fa? Ba a cuci Gana ba?

Rafali bai cuce ta ba. A kwata fainal na Kofin Duniya na 2010, a daƙiƙun ƙarshe na ƙarin lokaci, Luis Suarez ɗan Yurugai ya sa hannu ya tare ƙwallon da za ta shiga. An ba shi jan kati, an ba Gana fenariti. Iyakar abin da doka ta tanada ke nan, domin babu dokar da ta ba rafali ikon ƙirga ƙwallon da ba ta haye layi ba. Asamoah Gyan ya daki ƙarfe, Yurugai ta wuce da 4-2 a fenariti. Mai jin haushi ya ji haushin Suarez ko na masu rubuta doka.

Ana sayen rafali kuwa?

An taɓa kamawa, don haka ba tatsuniya ba ce. A 2017 FIFA ta dakatar da rafali Joseph Lamptey ɗan Gana har abada saboda wasan neman gurbin Kofin Duniya tsakanin Afirka ta Kudu da Senegal a Nuwamba 2016, inda ya ba Afirka ta Kudu fenaritin hannu a kan ƙwallon da ta bugi ƙafar Koulibaly na Senegal. Aka soke sakamakon, aka sake wasan, Senegal ta ci 2-0. Sai dai wannan bincike aka yi aka tabbatar. Cewa "an saye shi" duk ranar da aka ci mu, hanya ce mai sauƙi ta kauce wa tambayar da ke biye.

Tare gida dabara ce ko tsoro?

Ya danganta da abin da ka tanada in ka karɓi ƙwallo. Maroko a Kofin Duniya na 2022 ƙarƙashin koci Walid Regragui ta tare gida, ta bar wa Sifaniya ƙwallo tana ta kai-komo babu inda za ta shiga, aka tashi 0-0, Bono ya gama da su a fenariti. Ta ci Fotugal 1-0 da kan En-Nesyri, ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan dab da na ƙarshe. Amma duba yadda suke yi: Amrabat na sharar tsakiya, Ounahi na iya riƙe ƙwallo ya fita da ita daga matsi, Hakimi da Ziyech na jira a gefe. Suna ja da baya ne da shirin fita.

Kocinmu na lokacin José Peseiro ma haka ya kai mu wasan ƙarshe da Kwaddibuwa a Abijan a 2024: 'yan baya uku, in an matsa su zama biyar. Ƙwallo biyu kacal aka ci mu a wasanni shida kafin nan, don haka masu cewa tsarin banza ne ba su yi adalci ba. Inda aka samu matsala shi ne ranar 11 ga Fabrairu. Troost-Ekong ya ci da ka kafin hutun rabin lokaci, daga nan muka koma gida muka zauna. Duk ƙwallon da aka karɓa sai a cilla wa Osimhen shi kaɗai a tsakiyar 'yan baya, ta dawo nan take. Simon Adingra ya yi ta wahalar da Ola Aina a gefe ɗaya tun daga farko, kowa a gidan kallo na gani, amma ba a kai masa ɗauki yadda ya kamata ba. Daga kwanar Adingra Kessié ya farke, daga ƙafarsa kuma Haller ya ci ta biyu a minti na 81. Kwaddibuwa ta fi mu wasa a ranar, kuma babu hannun rafali a ciki.

Dattawan majalisa za su tuna cewa ciwon tsoho ne. A zagayen 'yan 16 na Kofin Duniya na 1994 Amunike ya ci Italiya, rafali ma ya kori ɗan wasansu Zola a kan abin da bai kai kora ba, suka koma goma. Saura minti biyu Roberto Baggio ya farke, ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci. Ranar rafali taimakonmu ya yi, amma muka kasa riƙe ƙwallo a gaban mutum goma. Gaskiya raunin Amunike da Amokachi ya rage mana ƙarfin gaba, sai dai bai isa ya zama uzuri ba.

Jan katin Iwobi ne ya fitar da mu a hannun Tunisiya?

A'a, ya dai ƙarasa abin da aka fara. A Garwa, cikin Janairu 2022, mun shiga zagayen 'yan 16 na Kofin Afirka bayan cin wasannin rukuni uku duka, yawancin harinmu ta gefen Moses Simon. Tunisiya, wadda korona ta hana kocinta zama a benci, ta lura da haka. Duk lokacin da Simon ya karɓi ƙwallo sai ya ga mutum biyu a kansa, wani lokaci uku. Msakni ya ci jim kaɗan bayan dawowa daga hutu, tun Iwobi bai shigo ba. Katin da VAR ta mayar ja ana iya gardama a kansa, ni ma ina ganin ya yi tsauri. Amma kafin katin an yi fiye da awa guda ana wasa, kocinmu Eguavoen bai samo wata ƙofar ba bayan an rufe ta Simon.

Fenariti ba sa'a ba ce kawai?

Akwai sa'a, amma masu shiri sun fi samunta. A Kofin Duniya na 2014 kocin Holan Louis van Gaal ya cire golansa a ƙarshen ƙarin lokaci da Kosta Rika ya sa Tim Krul don fenariti kawai, Krul ya tare biyu, Holan ta wuce. Golanmu Stanley Nwabali a lokacin wasan Buwake yana tsaron ragar Chippa United ne a Afirka ta Kudu, wato masu bugun ba baƙinsa ba ne. Ya tare na Mokoena da na Makgopa, Iheanacho ya rufe da 4-2. Doka ma ta ɗan sassauta wa masu tsaron raga tun 2019, ƙafa ɗaya kawai ake buƙata a kan layi lokacin bugu, sai dai yanzu VAR na kallon ƙafar.

Dabarar shigo da mutum don fenariti kuma tana iya juyewa. A wasan ƙarshe na Kofin Turai da aka buga a 2021, kocin Ingila na lokacin Gareth Southgate ya sa Rashford da Sancho a mintin ƙarshe na ƙarin lokaci, ƙafarsu ko ɗumi ba ta yi ba. Rashford ya daki turke, Donnarumma ya tare na Sancho da na Saka, Italiya ta ɗauki kofin a Wembley.