Sababbin shiga hostel: ga amsoshinku, ku bar ni in huta

Duk shekara da zarar JAMB ta saki sunaye, wayata ba ta sake samun sukuni. Ƙanne, 'ya'yan maƙwabta, 'ya'yan abokan Baba, kowa da tambayarsa, kuma tambayoyin ba sa canzawa, murya ce kawai ke canzawa. Laifina ɗaya: ni ɗan Gusau ne da ya yi shekara huɗu cur a hostel a wata makaranta a Kebbi, aka ga na dawo da raina da takardata. To ga amsoshin a rubuce. Wanda ya sake kirana bayan isha'i da ɗaya daga cikinsu, wannan zan turo masa in juya in ci gaba da barcina.

Yaya, me da me zan tafi da shi?

Katifa ƙarama, gidan sauro, bokiti biyu, buta, tocila, tukunya ɗaya, kwano da cokali, da kwaɗo biyu masu kyau. Takardunka na asali da kwafinsu da hotunan fasfo su zauna a jakar da ba ta rabuwa da jikinka. Shi ke nan. Ba gidan miji za a kai ka ba, bar akwatin nan na uku a gida.

Zan samu gado kuwa?

In ka yi sauri. Jami'ar Tarayya ta Gusau da ta Birnin Kebbi duk a 2013 aka kafa su, ta jiha da ke Aliero kuma a 2006, kuma ko'ina ka je ɗalibai sun fi gadaje yawa. Ranar da aka buɗe neman gurbi, a ranar za ka nema. Ka biya ta hanyar da makaranta ta faɗa, ka adana rasit kamar takardar gona. Kada ka sayi gado a hannun wani ɗalibi da ya ce yana da hanya. Ranar da masu kula da hostel suka zo bincike, sunan wani za su gani a takarda, kai kuma katifarka a waje.

Gadon sama ko na ƙasa?

Na ƙasa kujerar kowa ce, duk baƙon da ya shigo a kai zai zauna, har da mai jiƙaƙƙen wando. Na sama ya fi zafi. Zaɓi wanda za ka iya jurewa. Ka dai duba saƙo-saƙon gadon kafin ka shimfiɗa katifa, kuɗin cizo ba ya biyan kuɗin makaranta amma ya riga ka zama a ɗakin.

Ban san kowa ba. Ta yaya zan yi abokai?

Fara cire wannan abin da ka toshe kunnuwanka da shi. Ka shigo ɗaki ba sallama, ka haye gado, ka juya wa mutane baya kana latsa waya, sannan ka kira ni kana cewa ba su da kirki. Wa ya koya maka haka? Yi sallama, miƙa hannu, faɗi sunanka da garinku, tambayi nasu ka riƙe. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ba a sayenta.

Abokan da za ka daɗe da su, yawanci a wurin wahala za ka tsince su: layin rajista, layin famfo, hanyar masallaci da asuba, bayan aji lokacin da malami ya fita kowa na tambayar na kusa da shi ko ya gane. Babban aminina na makaranta Badakkare ne daga Zuru. A bakin famfo muka haɗu, wajen ƙarfe huɗu da rabi na asuba, a makona na biyu. Na ajiye bokitina a layi na zagaya, wani ya shure shi gefe, shi kuma ya ɗauko ya mayar, ya sa dutse a ciki, ya tsaya a kansa har na dawo. Bai san sunana ba a lokacin. Ni masallaci nake zuwa, shi coci, amma da shi aka yi hidimar bikina.

Ka shiga MSSN, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko FCS ta ɗalibai Kirista in Kirista ne kai, ka shiga ƙungiyar ɗaliban ƙaramar hukumarku ma, suna da amfani musamman in an tashi tafiya gida. Amma in ka gama shekara ɗaya ba ka da abokin da ya wuce 'yan unguwarku, to da ka zauna a majalisarku ta ƙofar gida ka huta da kuɗin mota.

'Yan ɗakinmu sun ce mu haɗa tukunya. In yarda?

Yauwa. Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba zan ce maka e ko a'a kai tsaye ba, domin na ga inda haɗa tukunya ta mai da baƙi 'yan'uwa, na kuma ga inda ta raba waɗanda suka taso tare tun makarantar allo.

Amfaninta a fili yake. Kuɗin gas ko kalanzir na raguwa, ba kullum kai ne a gaban risho ba, in kana da lakca har yamma ka dawo ka tarar da abinci a rufe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda. Amma bari in ba ka labarin zangona na farko. Inna ta haɗo mini shinkafa tiya biyar, wake tiya biyu, galan ɗin man gyaɗa, kuka, daddawa, yaji da ƙuli-ƙuli. A kwana na uku muka haɗa mu huɗu, aka juye komai a lungu ɗaya. Ɗaya daga cikinmu taliya 'yar kaɗan ya kawo, kuma shi ne mai yawan baƙi. Da an sauke tukunya sai ka ji yana cewa "bismillah, ku matso", kamar shi ya noma shinkafar. Kafin mako na biyar lungun nan ya zama wayam. Na koma jiƙa garin kwaki da ƙuli-ƙuli safe da dare, kunya ta hana ni faɗa wa Inna, kara ta hana ni yi masa magana. Na haɗiye abin yana cin raina, har muka rabu ba ma ko gaisawa.

Sai a aji biyu na ji cewa a waccan shekarar 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, mahaifinsa bai yi noma ba, taliyar nan ma wani kawunsa ne ya saya masa. Baƙin da yake kira kuwa, yawanci 'yan garinsu ne da halinsu ɗaya. Har yau ina jin nauyin fushin da na yi da shi. Amma kuma har yau ban ce daidai ya yi ba, domin da ya ja ni gefe ya faɗa mini, da mun san yadda za mu tsara. Ka ga ke nan wanda ya kawo kaɗan ba lallai macuci ba ne, wanda ya ji haushi kuma ba lallai marowaci ba ne. Shirun da muka yi mu biyu shi ya ɓata abin.

Saboda haka ga abin da nake gani, kai kuma ka auna da mutanen da Allah ya haɗa ka da su. Kada ka amsa a makon farko. Ka ce musu, "Bari mu ga yadda jadawalin lakca zai kasance tukuna." Wannan ba ƙarya ba ce, kuma ta saya maka mako uku ko huɗu na kallo. A cikinsu ka lura: wa ke wanke tukunya da ya gama ci, wa ke barinta har ƙuda ya taru? Wa ke aron maginka ya mayar? Wa ke ɓacewa idan ruwa ya ƙare? Mai barin kwano kwana biyu ba zai gyaru don kun haɗa abinci ba.

In ka ga za ka haɗa, mutum biyu ko uku sun isa. Da an kai biyar, an zama gidan biki. Kuma kada a juye buhuna wuri ɗaya. Kowa ya riƙe kayansa a akwatinsa, in za a ɗora sai kowa ya auno gwangwani ɗaya ko biyu. Kuɗin cefane a haɗa shi mako-mako, a rubuta a bayan littafi, ko da wani zai ce ka cika ƙididdiga. In a Aliero kake, albasa dai ba za ta haɗa ku faɗa ba, amma mai da nama za su iya. A yi maganar baƙi tun ranar farko: wanda ya gayyato mutum, daga kasonsa za a ɗiba. Na san da nauyi a baki, mu da aka raina da cewa ba a hana baƙo abinci. Ba na ce ka hana ba. Cewa na yi kada ka yi kyauta da abin da ba naka ba.

In kuma a cikinku akwai wanda ba shi da hali, kuma kun ga mutumin kirki ne, kada ku ware shi. Ku yi magana a keɓe, ba a gaban ɗaki ba. Wani zai fi son ya ɗauki ɗibar ruwa ko yawancin girki don ya ci da mutuncinsa, wani kuma wannan ɗin ne zai ɓata masa rai, sai ka karanci mutum. In addininku ya bambanta, ku yi maganar nama da inda ake sayensa a fili, ba abin kunya ba ne. Kuma ko yaya aka yi, ka ɓoye tiya ɗaya ta gari da ɗan sukari wadda ba ta shiga lissafin kowa. Makon jarrabawa za ka tuna da ni.

Fita kuma? In abin bai yi ba, kada ka janye a tsakiyar wata kowa na ganin ƙasan buhunsa, za a ce ka gudu ne da ka ga an tsiyace. Ka jira a dawo hutu ka ce wannan zangon lokutanka sun canza. Azumi ne kaɗai na ware daga duk wannan dogon bayani: a Ramadan kowa haɗawa yake yi, kai ma ka haɗa, a yi lissafi bayan salla.

Suna yi mini dariya in na yi magana.

Don ka ce "mi" da "lahiya" da "wanga"? Bar su. Bakano da ya zo Kebbi ko Zamfara karatu shi ne baƙo, kafin ya gama aji biyu za ka ji shi yana "tahi" da "hura". Kai dai kada ka rama a kan Bayerabe ko Badakkaren da ke koyon Hausa. Turancinka za ka damu da shi, tunda da shi ake lakca da jarrabawa. Yi ta yi ko ana dariya.

Ba gara in kama ɗaki a waje ba? An ce an fi sakewa.

Sakewar me kake nema a aji ɗaya? A watan Satumban 2023 'yan bindiga sun shiga gidajen haya na ɗalibai a Sabon Gida, kusa da Jami'ar Tarayya ta Gusau, suka tafi da ɗalibai, yawancinsu mata. Ba don in tsorata ka na faɗa ba, amma wanda zai zaɓi wurin kwana a yankinmu dole ya sa wannan a ma'auni. In ka samu gado a cikin makaranta, ka riƙe. In dole ta sa sai waje, ka nemi cikin gari inda mutane suke, wani babba daga gida ya je ya ga wurin da idonsa. Tafiya gida kuma da rana, daga tasha, ba motar bakin hanya ba.

An ɗauke mini caja.

Na ce kwaɗo biyu. Ka sayi ɗaya?

Abokina bai samu gado ba, in bar shi ya raɓa da ni?

Dokar yawancin makarantu ta hana, in an kama ku kai ne za ka rasa gadon. Bayan doka kuma akwai lafiya. Zafin Maris da Afrilu a nan yana haura digiri 40, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma, taga a rufe saboda sauro. Irin wannan cunkoso sanƙarau ke so, kuma duk ɗan Zamfara ya san abin da ya yi mana a 2017. Ku buɗe tagogi ku shiga gidan sauro. Wanda ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, ku ɗauke shi zuwa asibitin makaranta nan take, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada wani ya tsaya ba shi farasitamol yana cewa zuwa safe.

Yaya, ni kullum da dare kuka nake yi. Gida nake so.

Yi kukanki, ƙanwata, ba ke kaɗai ba ce. Wadda ke gadon sama da kike ganin ta waye, ita ma cikin filo take nata. Ni da gemuna na yi, ranar da na buɗe ƙullin yajin Inna ƙamshin ɗakinta ya bugi hancina. Yana wucewa, galibi kafin wata guda. Ki kira gida sau ɗaya a rana, ba sau bakwai ba, kuma kada ki gudu gida a ƙarshen makon farko, dawowar ta fi zuwan farko ciwo. Ki fita ki zauna inda ake tsifar kai ko tsintar shinkafa, ko ba ki ce komai ba. In kuwa wata biyu ta wuce ba kya ci ba kya barci, ki sami matar da ke kula da hostel ɗinku ko ki je asibitin makaranta ki faɗa.

Sannan wancan ɗan aji huɗun da ya ce zai taya ki rajista, har ya karɓi lambarki: rajistar ba ta fi ƙarfinki ba. Ki bi layi da 'yan'uwanki mata.

To Yaya, ko za ka ɗan turo mini wani abu?

Tun 2024 akwai NELFUND, asusun gwamnati na ba ɗalibai bashin karatu, suna biyan kuɗin makaranta su kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata. Bashi ne, ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, don haka ka yi shawara da Baba kafin ka cike. Ni kuwa albashi bai shigo ba. Ka kira ranar 28, kafin isha'i.