Mazan Latino a kasuwar ƙwadagon Amurka

Latino suna ne da ake kiran mazauna Amurka masu asali daga Meziko, Amurka ta Tsakiya da ta Kudu da tsibiran Karibiyan. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62.1, wato kashi 18.7 cikin ɗari na al'ummar ƙasar. Mazansu ba sa zaman banza. A cikin mazan Amurka, su ne suka fi kowa yawan masu aiki ko neman aiki. Matsalarsu irin aikin da suke samu ce da ƙarancin kariyar da ke cikinsa.

Tushen abin ya daɗe. Dokokin ƙwadago na 1935 da 1938, waɗanda suka ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya da mafi ƙarancin albashi, sun bar leburorin gona a waje. Daga 1942 zuwa 1964 kuma shirin Bracero ya riƙa kwaso maza zalla daga Meziko a kan kwantiragin wucin gadi, su yi girbi su koma; kwantiragin da aka sa wa hannu sun kai kimanin miliyan 4.6.

Yau kusan kashi ɗaya cikin uku na masu aikin gini 'yan Latino ne, kuma a nan zaluncin ya fi fitowa fili. Babban kamfani ya ba ɗan kwangila aiki, shi ma ya yanka wa ƙaramin ɗan kwangila, na ƙarshen ya rubuta lebura a matsayin mai zaman kansa da takardar haraji ta 1099 maimakon W-2, wadda ake ba cikakken ma'aikaci. Da wannan canjin takarda kaɗai, kuɗin ƙarin lokaci bayan awa 40 a mako ya tafi, inshorar rauni ta tafi. Wanda ya faɗo daga rufi shi zai biya asibiti, in ba shi da takardar zama kuwa tsoron kora ya hana shi kai ƙara. A 2022 ma'aikatan Latino 1,248 suka mutu a bakin aiki, wato 4.6 cikin kowane dubu ɗari, alhali na ƙasa baki ɗaya 3.7 ne. Mutum shida da suka rasu lokacin da gadar Francis Scott Key ta Baltimore ta rufta a ranar 26 ga Maris 2024 duk mazan Latino ne, suna cike ramukan titi da tsakar dare.

A fagen ilimi 'yan'uwansu mata sun sha gabansu wajen shiga jami'a da kammala digiri, domin ana sa ran saurayi ya fara kawo kuɗi gida da wuri. Muhawarar jinsi ta fi karkata ga albashin matan Latino, wanda lalle ya fi na mazan ƙanƙanta. Muhawarar daidaita wakilci kuma, wato ba kowane jinsi da launin fata gurbi, ta tsaya a ofisoshi da jami'o'i, ba ta isa kan tsanin magini ba. Shirin My Brother's Keeper da Obama ya ƙaddamar a 2014 na cikin 'yan kaɗan da suka dubi samarin kai tsaye. A 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, sannan jihar Texas ta rufe ofisoshin daidaita wakilci a jami'o'inta na gwamnati daga Janairun 2024.

A zaɓen Nuwamban 2024, kusan rabin mazan Latino da suka kaɗa ƙuri'a Donald Trump suka zaɓa, kuma tsadar rayuwa na kan gaba a dalilan da aka fi ambata.