Waiwaye: HIV da Riƙon Wuri a Ƙwaƙwalwa

Ka ajiye mabuɗi, ka juya ka ɗauki jaka, hannunka ya koma kan mabuɗin ba tare da lalube ba. Wannan ɗan riƙon da ƙwaƙwalwa ke yi wa wurin abu na 'yan daƙiƙoƙi shi ne masana ke aunawa a jikin masu ɗauke da HIV. Tun 1974 masana tunanin ɗan Adam Alan Baddeley da Graham Hitch suka bayyana cewa a ƙwaƙwalwa akwai sashe na musamman mai riƙe siffa da wuri, daban da mai riƙe kalmomi.

Sa'ad da aka fara ba da rahoton ƙanjamau a Amurka a 1981, hankalin likitoci na kan huhu da fata. Sai a 1986 Richard Price da abokan aikinsa a New York suka siffanta gushewar tunani da ke zuwa da cutar: mutum ya yi sanyi, tafiya ta yi nauyi, mantuwa ta yi yawa. Ƙwayar ba ta cika kama jijiyoyin ƙwaƙwalwa kai-tsaye ba. Ɓuya take yi cikin ƙwayoyin garkuwar jiki ta shiga da su, kumburin da ke biyo baya ya lahanta hanyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da can cikinta. Riƙon wuri kuwa da waɗannan hanyoyi ya dogara.

Gwajin riƙon wurin kansa ba wuya a ido. Ana jera 'yan katakai 9 a kan allo, mai gwaji ya taɓa wasu ɗaya bayan ɗaya, majinyaci ya maimaita. Uku, huɗu, biyar. Ka ga yatsa ya tsaya a sama, yana neman inda zai sauka. A wurina wannan tsayawar ta fi kowace lamba bayani, domin ita ce ke bin mutum har wurin tuƙi da wurin aiki.

Haɗakar magungunan HIV ta 1996 ta sauya komai, gushewar tunani mai tsanani ta ragu ƙwarai. Amma da aka fito da ma'aunin Frascati, wato ƙa'idojin tantance tawayar tunani a masu HIV, a 2007, wani bincike mai suna CHARTER na 2010 a kan masu ɗauke da ƙwayar 1,555 ya tarar kusan rabinsu na da wata tawaya a tunani, galibi mara tsanani. Wasu masana sun ce ma'aunin ya cika saurin yanke hukunci, har yana iya kiran mai lafiya majinyaci, kuma ina ganin suna da hujja: baƙin ciki, shaye-shaye, tsufa da ƙarancin karatu duk suna rage maki.

Abin da binciken ya nuna a fili shi ne, wanda garkuwarsa ta taɓa faɗuwa ƙasa sosai kafin fara magani ya fi fuskantar matsalar. Tun 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a fara magani da zarar an gano ƙwayar, ba sai an jira jiki ya raunana ba.