BOINC Ba Ya Ba Ni Aiki: Amsoshin Tambayoyin da Ake Ta Maimaita Mini

Tun da na nuna wa wasu ɗalibai a nan Gombe yadda mutum ke ba masu binciken kimiyya aron ƙarfin kwamfutarsa ta manhajar BOINC, wadda aka ƙirƙira a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2002, tambayoyi iri ɗaya suke ta dawo mini. Zan amsa su a nan, kada a sake tare ni da su a bakin masallaci.

Me ya sa SETI@home ba ya turo mini komai?

SETI@home, ɗaya daga cikin shirye-shiryen bincike da ke turo wa kwamfutoci aikin lissafi ta BOINC, ya daina raba aiki tun watan Maris na 2020. Ka koma wani shirin, kamar Einstein@Home ko PrimeGrid.

Na yi ta danna "Update", amma shiru.

To, ka daina dannawa. Kowane shiri yana da lokacin jira tsakanin buƙata da buƙata, kuma nacinka ba ya gajarta shi. Ka buɗe "Event Log" ka karanta dalilin da aka rubuta maka, sannan ka duba ko kai da hannunka ka danna "No new tasks" ka manta.

Aikin kwana nawa zan sa ta ajiye?

A nan ne ba ni da amsa guda. A cikin "Computing preferences" akwai gurbi biyu: na farko shi ne mafi ƙarancin aikin da za a ajiye, na biyu kuma ƙarin da ake ɗorawa a kansa. Wanda intanet ɗinsa ke yawan yankewa zai amfana idan ya ɗaga na farko zuwa kwana 1 ko 2, domin kwamfutar ta samu abin yi kafin layi ya dawo. Amma kowane aiki yana da wa'adi, kuma kwamfutar da ke jiran a kawo wuta ba ta aikin awa 24. Idan ka rubuta kwana 10 saboda haɗama, wa'adi zai iya ƙarewa aikin yana jibge, a tura wa wani, kai kuma a rage maka rabonka na kullum. Manhajar tana lissafin awowin da kwamfutarka take kunne, sai dai takan ɗauki kwanaki kafin lissafin ya daidaita. Mai sola da inbata zai iya ƙarawa kaɗan-kaɗan, yana lura har mako guda. Ka kuma duba wurin ajiyar da ka ware mata, don idan ya yi kaɗan, ba za a turo ba ko me ka rubuta.

Na canza saiti a shafin shirin, ba abin da ya sauya.

Saitin da ke cikin kwamfutarka ya rinjayi na shafin. Goge saitin na cikin kwamfutar.

Da an ɗauke wuta sai ta tsaya. Ta lalace ne?

Ba ta lalace ba, kwantar da hankalinka. An saita ta ne ta dakata idan ana kan batir, kuma a zafin Afrilu na garin nan ban ba ka shawarar ka cire wannan ba.