Waiwaye: Yadda hotunan auren Sarauniya Wilhelmina suka ɗinke Holan

Ranar 7 ga Fabrairun 1901, cikin tsananin hunturu, aka ɗaura auren Sarauniya Wilhelmina ta Holan da Hendrik, wani ɗan sarauta daga Mecklenburg-Schwerin ta ƙasar Jamus, a babbar majami'ar birnin Hague. Shekarun amarya 20. A gefen hanya masu hoto sun kakkafa akwatunansu na katako masu ƙafa uku, kowa ya lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle yana jiran keken dokin sarauniya ya iso. Kafin a ce me, hotunan sun bazu a mujallu da katunan gidan waya, sun shiga gidajen mutanen da ba su taɓa taka Hague ba.

Ƙaunar da jama'a suka nuna wa Wilhelmina ba gado ta yi ba. Mahaifinta, Sarki Willem III, mutum ne mai zafin rai da jama'a da yawa ba sa so, har 'yan gurguzu suka laƙaba masa suna Sarki Goggon Biri. A 1879 ya auri Emma a Arolsen, can Jamus, yana da shekara 61, ita kuwa 20. Bikin nan nesa da idon talakawansa aka yi shi. 'Ya'yansa maza uku duk sun riga shi mutuwa, don haka da ya rasu a 1890 babu wanda ya rage cikin 'ya'yansa da zai gaje shi sai Wilhelmina, yarinya 'yar shekara 10.

Emma ce ta riƙe mata sarauta, kuma a ganina ita ce ta fara gane amfanin hoto. Ta ɗauki 'yarta suka zaga lardunan ƙasar ɗaya bayan ɗaya, a gan ta ido da ido. A 1892 aka yi wa yarinyar ado irin na matan lardin Friesland, aka ɗauke ta hoto. Ƙasar a lokacin rabe take: Furotesta da makarantunsu da jaridunsu, Katolika da nasu, ga 'yan gurguzu, ga masu sassaucin ra'ayi. Kowa da ɗakinsa. Fuskar yarinyar nan na daga cikin 'yan abubuwan da yawancinsu za su iya ratayewa a bango ba tare da gardama ba.

Sana'ar hoto ma ta taimaka. Faranti na gilashi mai saurin kama haske ya sa ana iya ɗaukar taro yana tafiya, maɗaba'a kuma ta koyi buga hoto kai tsaye maimakon a ba mai zane ya kwaikwaya. Saboda haka hotunan 1901 ba na ango da amarya kaɗai ba ne. Akwai tituna cike maƙil, tutoci, ƙofofin ado da aka gina don bikin, da kawunan huluna iya ganinka. Mai kallo a ƙauye yana ganin al'umma guda, kuma yana jin da shi a ciki.

Sai dai akwai waɗanda aka saka a hoton ba da shawararsu ba. Keken zinariyar da mutanen Amsterdam suka ba ta kyauta a 1898, a wannan auren aka fara hawansa. A gefensa akwai zanen Nicolaas van der Waay: mutanen ƙasashen da Holan ta mallaka, wasu ba riga, wasu a durƙushe, suna miƙa kaya ga wata farar mace a kan karaga. Ran da keken ke ratsa Hague, sojojin Holan na can suna yaƙi a Aceh, a Indonesiya ta yau, ƙasar da Wilhelmina ba ta taɓa ziyarta ba duk da hotonta ya cika ofisoshinta da makarantunta.

'Yarta Juliana ta hau keken a aurenta na 1937, jikarta Beatrix ma a 1966. A Janairun 2022 Sarki Willem-Alexander ya sanar cewa ya jingine shi saboda gardamar da zanen nan ya jawo, ba zai hau ba har sai ƙasar ta shirya.